Babi na Shida: Matar Cikin Zane da Mai Riƙe da Buroshi

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin zane-zanen Turawa, ko ya leƙa hotunan manyan gidajen ajiye zane na Faris da Landan a wayarsa, da wuya bai yi wannan tambaya ba: wai me ya sa matan cikin zanen nan yawancinsu ba kaya a jikinsu? Mazan kuwa ga su nan cikin kwat da hula, wani bisa doki, wani riƙe da takobi ko alƙalami, kowanne da sunansa da muƙaminsa a rubuce. Amsar da aka saba bayarwa a majalisa ita ce rashin kunya, sai a kaɗa kai a wuce. To amma amsar ba ta ƙosar ba. Da rashin kunya ne kaɗai, da maza da mata sun yi kunnen doki wajen tsiraici. Ba su yi ba, kuma akwai waɗanda suka zauna suka ƙirga.

Waɗanda suka ƙirga

A 1989 wasu mata masu zane a birnin New York, da ke kiran kansu Guerrilla Girls, suka shiga gidan ajiye zane na Metropolitan da takarda da biro. Al'adarsu ce su rufe fuska da kan goggon biri na roba idan za su fito bainar jama'a, don kada a gane su a toshe musu hanyar abinci. Abin da suka samu a sashen zanen zamani shi ne, mata ba su kai 5 cikin 100 na masu zanen da aka rataye aikinsu ba, amma 85 cikin 100 na jikin da aka zana tsirara jikin mata ne. Suka buga wannan lissafi a fosta, suka yi hayar fili a jikin motocin bas na birnin suka manna. A 2012 suka koma suka sake ƙirgawa: masu zane mata ƙasa da 4 cikin 100, tsiraicin mata 76 cikin 100.

Ke nan mace ta cika bango, amma ba ita ta zana kanta ba. Tambayarmu ta farko sai ta haifi wata: wa ya yi zanen, kuma don wa?

Mai zane da mai saye

A ƙarni na 19 Faris ce cibiyar wannan sana'a. Babbar makarantar zane ta gwamnatin Faransa ba ta fara karɓar mata ba sai a 1897. Kafin nan darasin da ake ɗauka shi ne ginshiƙin sana'ar, wato zana jikin ɗan Adam da mutum a tsaye gaban ɗalibai, an rufe wa mata ƙofarsa a makarantun hukuma. An yarda mace ta shiga ɗakin ta tuɓe a zana ta, ba a yarda ta shiga da fensir ba. Masu tantance zanen da za a nuna a baje kolin shekara-shekara maza ne, masu sharhi a jarida maza ne, kuma attajirin da zai biya ya kai zanen gidansa namiji ne.

A 1972 wani marubuci ɗan Ingila, John Berger, ya yi wani shiri a talabijin na BBC da ya warware wannan ƙulli a sauƙaƙe. Ya ce a lura da yadda ake kwantar da matar cikin zane: jikinta a juye yake zuwa ga wanda ke tsaye a gaban zanen, mutumin da ba ya cikin hoton amma domin shi aka shirya komai. Kowa ya san mai hoto a gidan biki da ke cewa amarya ta ɗan sunkuyar da kai, ta karkata kafaɗa, ta kalli ƙasa. Hoton zai fito da kyau, amma tsayuwar ta mai hoto ce, ba ta amarya ba. Haka aka yi shekaru ɗaruruwa ana yi da fenti.

Don kada abin ya zama abin kunya, sai aka nemo masa riga ta suna. Ba a cewa matar wance ce, sai a ce allahiyar tsoffin Girkawa ko Romawa ce. A 1863 Alexandre Cabanel ya nuna zanen haihuwar Venus, mace kwance bisa igiyar ruwa, fata sumul, ido a lumshe. Aka karɓe shi hannu bibbiyu. Sarkin Faransa na lokacin, Napoleon na Uku, shi ya saye shi.

Olympia ta ɗago ido

A wannan shekarar ce Édouard Manet ya yi wani zane da ya kira Olympia, aka nuna shi a 1865. Ya ɗauko tsarin ne daga wani tsohon zanen Titian na 1538, amma ya sauya ƴan abubuwa da suka tayar da ƙura. Matar tana kishingiɗe bisa farin zanen gado, da baƙin zare ɗaure a wuya, fure a gashi, awarwaro a hannu, silifa ɗaya a ƙafa, ɗayan ya sulluɓe. Inda Titian ya kwantar da ɗan kare yana barci, alamar biyayya, Manet ya tsayar da baƙar kyanwa ta gantsare baya. Hasken bai yi wa fatar sassauci ba. Sannan ga ido: ta zuba shi tsaye a kan mai kallo, ba murmushi, ba kunya, ba gayyata.

Mutanen Faris suka gane ta nan take. Wannan ba allahiya ba ce, mace ce mai zaman kanta irin wadda manyan gari ke kai wa ziyara a ɓoye, furannin da ake miƙo mata kuwa saƙon wani ne da ke jira. Wanda ke tsaye gaban zanen ya tsinci kansa a matsayin baƙon da ya shigo ɗakin. Jaridu suka yi ca, aka sa masu gadi, daga baya aka ɗaga zanen can sama inda sanda ba za ta kai ba. Tsiraicin da aka yafe wa Cabanel ne aka ƙi yafe wa Manet, don haka ba tsiraicin ne ya ɓata musu rai ba. Asirinsu ne zanen ya tona.

Matar da ta zauna aka zana ta sunanta Victorine Meurent, kuma ita ma mai zane ce. A 1876 masu tantancewa suka karɓi aikinta suka mayar wa Manet da nasa. Ta rayu har 1927. Duk da haka kaɗan ƙwarai daga zanenta suka rage, duniya kuma ta san ta ne a kwance.

Mace ta biyu

Mata biyu ne a zanen. Ta biyun baƙar fata ce, sanye da doguwar riga mai launin hoda da ɗankwali, ita ce ke riƙe da furannin. Ta mamaye kusan rabin zanen, amma fiye da shekara ɗari masana suna ta rubutu a kan Olympia, wasu har su yi dogon bayani a kan kyanwar, ita kuwa a wuce ta da kalma guda. Sunanta Laure. Manet ya rubuta sunan da adireshinta a littafinsa na aljihu, tana zaune a wata unguwa ta arewacin Faris ba nisa da inda yake aiki. Faransa ta haramta bauta a ƙasashen da ta mallaka a 1848, shekara 15 kafin zanen, kuma a lokacin akwai baƙaƙen fata ƴantattu da ke zaune a birnin suna aikin raino da wanki da sauran sana'o'i. Sai da wata Ba'amurkiya, Denise Murrell, ta bi diddigin lamarin ta shirya baje koli a New York a 2018, wanda ya ƙaura zuwa gidan ajiye zane na Orsay da ke Faris a 2019, kafin sunan Laure ya shiga bakin jama'a.

Wannan ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa, domin yana rusa wata amsa mai sauƙi. Laure a suturce take tun daga wuya har ƙasa, amma ita ce aka fi shafewa. Sutura a zane ba ta isa ta sa a ga mace a matsayin mutum ba. Ana iya tuɓe mace a mayar da ita abin kallo, ana iya lulluɓe ta a mayar da ita bango.

Gabas ta cikin mafarki

Akwai wata rigar suna da ta fi shafar mu. Idan ba a kira matar allahiya ba, sai a ce ƙwarƙwarar wani sarkin Musulmi ce. A 1814 Ingres ya zana wata a kwance ta ba da baya, da rawani da mafici na gashin ɗawisu. Ya ja mata gadon baya har ya wuce na kowane mahaluki, masu sharhi na zamaninsa ma sun ce ya ƙara mata ƙasusuwa. Ingres bai taɓa taka ƙasar Turkiyya ko ta Larabawa ba. Wannan zanen ne Guerrilla Girls suka ɗora wa kan goggon biri a fostarsu.

Delacroix shi ya je. A 1832, shekara biyu bayan sojojin Faransa sun kama birnin Aljiyas, ya yi ƴan kwanaki a can, ya koma Faris ya zana matan Aljiyas a ɗakinsu a 1834: uku zaune a ƙasa kusa da tukunyar shisha, wata baƙar baiwa tana juyawa za ta fita. Ba wadda ke yin komai a cikinsu. Babu girki, babu goyo, babu saƙa, babu ciniki, zaman jira kawai. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kulle ya san cikin gida wurin aiki ne tun asuba, har da sana'ar da ke ciyar da yara. Bayan zuwan kyamara abin ya ƙara ƙazanta: masu hoto na zamanin mulkin mallaka suka riƙa ɗauko mata su yi musu ado a shago, su buga hoton a katin gidan waya a matsayin matan Aljeriya, sojoji da ƴan yawon buɗe ido suna aikawa gida. Malek Alloula, marubuci ɗan Aljeriya, ya tattara irin waɗannan katuna ya yi littafi a kansu a 1981. Bayaninsa shi ne mayafi ya hana baƙo gani, sai baƙon ya ƙirƙiro abin da yake son gani ya sayar.

Gauguin kuwa, da ya tafi tsibirin Tahiti a 1891, yarinyar da ya ajiye a matsayin mata, wadda ya zana sau da dama, shekarunta kusan 13. An daɗe ana yabon launukansa ba a ambaton wannan.

Sabon salo, tsohon hali

Ana iya zaton da zane ya bar kwaikwayon zahiri a farkon ƙarni na 20 lamarin zai sauya. Salo ya sauya, gadon bai sauya ba. Zanen da ake cewa shi ya buɗe ƙofar sabon zamani, wanda Picasso ya yi a 1907, mata biyar ne a gidan karuwai, an datsa jikinsu kusurwa-kusurwa, biyu daga ciki da fuska irin ta sassaƙen Afirka da ake jibgewa a gidajen tarihin Faris a lokacin. Jikin mace ya zama wurin gwajin sabuwar dabara.

Matan da suka zauna da shi ma haka. Dora Maar ƙwararriyar mai ɗaukar hoto ce tun kafin su haɗu, ita ce ta ɗauki hotunan da suka nuna yadda Picasso ya yi zanensa na Guernica mataki-mataki. Amma Picasso ya zana ta a 1937 tana kuka, tana cizon hankici, fuska a tarwatse, shi ke nan sunan mace mai kuka ya bi ta har kabari. Ba na musun gwanintar zanen, yana da ƙarfi ƙwarai. Sai dai gwanintar ce ma ta sa ya danne mai shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

Tun a zamanin Manet akwai matan da ke zane, kuma abin da suka gani daban ne. A 1878 Mary Cassatt, Ba'amurkiya mazauniyar Faris, ta zana wata mata cikin baƙaƙen kaya a gidan wasan kwaikwayo. Ta jingina gwiwar hannu, ta kafa madubin hangen nesa a ido, hankalinta gaba ɗaya na kan abin da take kallo. Can baya, wani namiji ya leƙo daga wurin zamansa ya saita nasa madubin a kanta, ita ko ta kansa ba ta bi ba. Kusan shekara ɗari kafin Berger ya yi bayaninsa, Cassatt ta riga ta zana shi.

A Jamus, Käthe Kollwitz tana zaune a unguwar talakawa ta Berlin inda mijinta ke aikin likita, matan da ke zuwa da ƴaƴa marasa lafiya su ta riƙa zanawa. A 1903 ta yi zanen uwa ta ƙanƙame gawar ɗanta, ta cusa fuska a ƙirjinsa, ba ado, ba kyau, uwar kamar za ta mayar da shi cikinta. Ita da ɗanta Peter, yana ɗan shekara bakwai, suka zauna gaban madubi ta zana. A 1914 aka kashe Peter a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Frida Kahlo ta Meziko ita ta kai abin ƙarshe. Haɗarin motar bas a 1925 ya ragargaza mata ƙashin baya da ƙugu tana da shekara 18, a kwance ta fara zane da madubi a saman gado. A 1932 ta yi ɓari a birnin Detroit, ta zana abin a kan ƙaramin farantin ƙarfe. Ga ta nan kan gadon asibiti, jini ya ɓata zanen gado, hawaye ɗaya a kunci, hannunta riƙe da jajayen zare shida, kowanne ɗaure da wani abu da ke shawagi: ɗan tayi, ƙashin ƙugu, dodon koɗi, fure, wani injin asibiti, da gunkin cikin mace irin na koyar da likitoci. Can nesa hayaƙin masana'antu. Ita ma ba kaya a jikinta, kuma a kwance take kamar Venus ɗin Cabanel, amma babu mai kallon wannan ya ji sha'awa. Jiki ne da ke ciwo, mai jikin ce ke ba da labari. Ɓari abu ne da mata ba iyaka suka sani, amma kafin ita da wuya ka same shi a jikin bango.

Ramuwa da kayan aikin mai laifi

Daga shekarun 1970 mata da dama suka daina neman a ba su wuri, suka koma tuhumar tsoffin hotunan kansu. Cindy Sherman ta yi ta sauya kaya da gashi tana ɗaukar kanta hoto tsakanin 1977 da 1980, yau matar gida, gobe ƴar ƙauye a birni, har kusan hoto 70. Kowanne sai ka rantse ka taɓa ganinsa a wani fim, alhali babu fim ɗin.

Lalla Essaydi, haifaffiyar Maroko a 1956, ta koma kan Ingres da Delacroix kai tsaye. Takan kwantar da mace daidai yadda suka kwantar da tasu, amma a suturce, sannan ta cika fatarta da tufafinta da bangon ɗakin da rubutun Larabci da aka yi da lalle. Rubutun ƙawa an fi saninsa da maza, lalle kuwa na mata ne, ta haɗa su wuri guda. Idon baƙo da ya zo neman jiki sai ya ci karo da rubutun da ba zai iya karantawa ba. Shirin Neshat ta Iran ta yi makamancin haka a shekarun 1990, mata cikin baƙin lulluɓi, da baitocin Farisanci a fuska da tafin hannu, wani lokaci da bindiga.

Ba a rasa masu suka ba, kuma sukar tana da tushe. Waɗannan hotuna a Turai da Amurka suka fi kasuwa, mai saye kuwa har yanzu mace mai lulluɓi yake saye, wadda dama ita ce abin da ke ba shi mamaki. Tsugune ba ta ƙare ba don mace ta karɓi kyamara.

Tutu da ƴar Enugu

Akwai kuma hanyar shafe mace ta hanyar girmamawa, wato a mayar da ita tuta. A Alƙahira akwai sassaƙen Mahmud Mukhtar da aka buɗe a 1928, wata baƙauyiya tsaye tana yaye mayafi, hannunta a kan zakin nan mai kan mutum. Ba kowa ba ce, Masar ce tana farkawa. A Najeriya, Ben Enwonwu ya zana Adetutu Ademiluyi, wato Tutu, ƴar gidan sarautar Ife, ƴan shekaru bayan yaƙin basasa. Mai zane Ibo, gimbiya Bayarabiya, sai aka karɓi zanen a matsayin alamar sulhu, aka buga shi a takarda aka rataya a gidaje da yawa. Asalin zanen na 1974 ya ɓace shekaru masu yawa kafin a gano shi a wani gida a arewacin Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 kan fam miliyan 1.2. Zane ne mai kyau, Tutu ta juyo kai a natse cikin ɗaurin ɗankwali, kuma aƙalla tana da suna. Amma abin da aka ɗora mata na ƙasa ne, ba nata ba.

Kwatanta shi da aikin Njideka Akunyili Crosby, wadda aka haifa a Enugu a 1983, ɗiyar marigayiya Dora Akunyili ta hukumar NAFDAC, yanzu tana zaune a Los Angeles. Matan cikin zanenta ita ce da ƴan uwanta, a falo ko a ɗaki, ga teburin shayi, ga fitilar ƙwai, ga talabijin. Idan ka matsa kusa sai ka ga bango da kujera, wani lokaci har fatar mutanen, an lulluɓe su da ƙananan hotuna da ta kwafo daga mujallun Najeriya da kundin hotunan gidansu, mawaƙa da shugabannin soja da bukukuwan dangi. Sau da yawa matar ta ba mu baya, ko hankalinta na kan wanda take tare da shi. Ba ta wakiltar Afirka, ba ta jiran kowa. Mu ne muka shigo muka tarar tana cikin harkarta.

Saura batun da muka yi ta gilmawa ta gefensa, wato kuɗi. A 2014 aka sayar da zanen wani farin fure na Georgia O'Keeffe kan dala miliyan 44.4, kuma a lokacin babu aikin wata mace da ya taɓa kai wannan farashi a gwanjo. Bayan ƴan watanni, a 2015, zanen matan Aljiyas da Picasso ya sake yi bisa na Delacroix ya tashi a kan dala miliyan 179. Wa ke yanka wannan farashi, ta yaya ake yin gwanjon, kuma me ya sa kasuwar ta fara waiwayar masu zane na Afirka a ƴan shekarun nan? A babi na gaba za mu shiga ɗakin gwanjo mu gani.